Dashen Marka, Rainon Rani

Idan marka ta zauna a watan Agusta, ƙasa ta sha ta ƙoshi, wanda ke bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko ta Bichi da yammacin ranar kasuwa zai riƙa gamuwa da wani kaya da ba a ganinsa da rani. Ga magidanci a kan babur, ya ɗaure kwali a baya da roba, ganyen mangwaro biyu ko uku sun leƙo suna kaɗawa. Wani a keke ya rataye 'yar gwaba a baƙar leda, yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Dashe suka sayo, kuma kafin magariba kowanne zai shiga ƙasa a tsakar wani gida a Minjibir, ko Dawakin Tofa, ko Makoɗa.

Ƙasarmu ba ta da daji irin wanda mutanen kudu suka sani. Daga Ungogo har Gezawa, gona ce ke bin gona, ba a barin saura, sai burtali da aka yi wa shinge da aguwa don shanu su wuce. Amma mai kallo daga nesa zai rantse kurmi ne, saboda yawan itatuwa. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, kuma a 1965 shi da abokin aikinsa suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'ar kewayen Kano. Ya shata iyakar yankin da inda mutane suka kai 350 a kowane murabba'in mil. A lokacin ana ta cewa birni zai cinye itacen karkararsa ƙurmus saboda girki. Binciken da shi da abokansa suka wallafa a 1990 a kan itacen wuta a Kano ya nuna akasin haka: a gonakin da suka fi kusa da birni, inda mutane suka fi cunkushewa, itatuwa ba su ragu ba, duk da farin shekarun 1970. Mu da muka tashi a nan ba mu yi mamaki ba. Jakin da ya kai itace birni da safe, da yamma mangalar taki yake dawowa da ita, kuma itacen nan reshe ne aka saro, uwar tana nan a tsaye. A wajenmu ba bishiyar da ba ta da mai ita.

Sai dai bishiyar gona daban, ta gida daban. Ta gona yawanci ba shuka ta ake yi ba, bari ake yi. Manomi na sassabe ko yana noman firi, sai ya ga ɗan gawo ko 'yar ɗorawa ta tsiro, ya kauce mata da fartanya, ya ce wa ɗansa, "Kai, kula da wannan." Shi ke nan ta shiga lissafin gona. Gawo kuwa ɗan gata ne, domin da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya tofo ya ba tumaki inuwa da 'ya'ya, kashinsu ya zama taki a gindinsa. Kuka, da tsamiya, da kanya, da ɗinya, da aduwa, galibinsu haka suka samu gurbi.

Tsofaffi ba sa son tsamiya a tsakar gida, kuka ma haka. An ce matattarar iskoki ce, shi ya sa ake hana yara zama a gindinta da tsakar rana ko da almuru. Ko mutum bai yarda da wannan ba, akwai dalilin da ido ke gani: kuka in ta girma sai ta ci rabin gida, ga shi ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, kuma ba mai son duwatsun yara su riƙa sauka inda matansa ke daka. Don haka ake barinta a bayan gida ko bakin gari, inda za a ɗebi ganyen miya. In ka ga kukoki sun yi cincirindo a fili ba kowa, to kufai ne, an taɓa zama a wurin.

Bishiyoyin ƙofar gida na asali su ne ceɗiya da durumi, kuma ba a sayen su. Roƙa ake yi. Da ruwa ya sauka sai mutum ya je wa maƙwabci ya ce a sammasa reshe, a saro masa mai kaurin damtse, ya kafa a ƙasa kamar turke, ya kama. Ban taɓa jin wanda ya hana ba. Zogale ma haka, da lalle, da cini-da-zugu da ake jerawa a jikin danga. Sunayen unguwannin Kano kaɗai sun isa shaida a kan yadda bishiya ke riƙe da wuri: Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Ceɗiyar 'Yan Gurasa.

Sayen dashe baƙon abu ne, da baƙin itatuwa ya zo. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, asalinta daga Indiya take, ta shigo Najeriya ta Borno wajajen 1928, yau kuwa yaro zai ɗauka tare da ita aka kafa garinsu. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, gwamnati ta tashi haiƙan: aka buɗe wuraren rainon itatuwa, aka ja layukan turare don tare iska a arewacin jihar, malaman daji suka riƙa rabon dashe a leda. Daga nan talaka ya ga yadda ake yi, ya ɗauka. Yanzu duk inda ruwa yake, a gefen madatsar Tomas ko ta Watari ko bakin wata fadama, za ka tarar da mai lambu ya ware kusurwa ya jera ledojin fiya wata da ya tsinto, ya cika su da ƙasa da taki, ya tsira ƙwallayen mangwaro a ciki.

Na taɓa raka kawuna sayen dashe ina saurayi, kuma a ranar na san cewa abin ilimi ne. Mai lambun ya nuna mana layi biyu, ya ce, "Baba, wannan na gida ne, wannan kuma mai aure." Kawu ya tsuguna, ya ɗauki mai auren, ya kai yatsa daidai inda aka haɗa reshen da uwar, wurin da aka naɗe da leda. Ya duba ko ya warke, ya duba ko sabon tohon daga saman haɗin ya fito. In daga ƙasa ya fito, uwar ce ta yi nasara, kuɗinka sun tafi a banza. Sannan ya juya gindin ledar. Saiwa ta huda ta fito, an tsinke ta da aka ɗaga. Ya ajiye, ya ce, "Wannan ya daɗe a zaune, malam. Ba ni ƙaninsa." Ya zaɓi gajere mai kauri ya bar dogo siriri, ya tambayi irin da aka aura masa, Binta Suga ce ko Paparanda, aka yi ciniki, mai lambu ya ɗora mana gwanda uku a matsayin gyara.

Kuɗin mai aure ya ninka na gida sau da yawa, amma mutane na biya, saboda a shekara 3 zuwa 4 yake fara 'ya'ya, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko 7, wani lokaci ya wuce, kuma ba ka san abin da zai haifa ba. Ita gwanda ba a dasa guda ɗaya. Sai ta yi fure ake gane namiji, wanda ba ya haihuwa, don haka ake sa biyu ko uku, a cire wanda bai yi ba.

Maigida ne ke sayowa, amma wurin da za a sa ba shi kaɗai ke yankewa ba. Da muka iso gida kawu ya nufi kusa da ɗakinsa, sai gwaggo ta ce, "Malam, a nan wa zai ba shi ruwa? Kawo shi bakin rariya." Maganarta aka bi, don ta fi shi gaskiya. Inda ake wanke-wanke, inda ake alwala, inda ruwan tulu ke ɗiga, nan ne bishiyar gida ke rayuwa. Akwai kuma abin da ake gudu. Ba a matsa mangwaro jikin katangar ƙasa, ba a kai shi kusa da rijiya ko masai. Darbejiya ma waje ake fitar da ita, gaban zaure, saboda saiwarta na tsaga gini. A can za ta yi aikinta: a yi dakali a gindinta, dattawa su shimfiɗa buzu, almajirai su jingina allunansu, mai zazzaɓi a tsinko masa ganye a yi masa surace.

Dashen kansa ba ya ɗaukar lokaci. Da la'asar sakaliya ake yi, rana ta yi sanyi. A haƙa rami zurfin gwiwa, a cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin turke, ba ɗanye ba, don ɗanye ƙona saiwa yake yi ya kuma kira gara. A barbaɗa toka. A tsaga leda da reza a zare ta ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a yi bisimilla a saka, a mayar da ƙasa a danne da dunduniya, a bar wurin auren a sama. Sai a yi masa ɗan gurbi kewaye yadda ruwa zai kwanta. Yaran gida duk suna tsaye, kuma sau da yawa a nan ake cewa, "Wannan na wane ne," a ambaci ƙaramin cikinsu. Daga ranar ya samu aiki.

Har zuwa ƙarshen Satumba sama ce ke ɗawainiya. Wahalar tana farawa ne bayan kaka, ranar da aka kwance dabbobi. Akuyar da ta yi wata huɗu a turke, in ta fito ba abin da take nema sai ɗanyen ganye, kuma cizo ɗaya ya isa ya kashe aure. Shi ya sa kafin a saki dabbobi kowane dashe sai an yi masa gida. Wani ya kafa kara ya saƙa kamar ɗan rumbu, wani ya kifa tsohon kwando da gindinsa ya fita, wani ya jera bulo ya bar ƙofofin iska, na waje kuma a lafta masa ƙayar magarya ko ta bagaruwa. Karan kuwa gara na bi, daga shi ta gangara ga saiwa, don haka ana dubawa ana ƙara toka.

Sannan ruwa. Daga Oktoba har Mayu ba ɗigo daga sama, ga hunturu ya busar da ganye, ga zafin bazara ya biyo. A gidan da ake jan ruwa da guga, ko ake saye a wajen 'yan garuwa, kowace buta lissafi ce. A nan na ga hikimar mata. Gwaggo ta samo tsohon tulu da ya tsage a gindi, ta binne shi har wuya a gefen mangwaron, ta rufe da murfin kwano. Ruwan wankin gero, da na ɗaurayar kwanuka wanda ba omo a ciki, da ragowar na alwala, duk can suke tafiya, su riƙa tsattsafowa a hankali cikin ƙasa inda rana ba ta kaiwa. Kwana biyu ko uku kafin ta ƙara. A ganina wannan tulun shi ne bambancin bishiyar tsakar gida da dubban da ake dasawa a bikin gwamnati a bakin hanya. Ramin ɗaya ne, irin ɗaya ne, amma ta bakin hanya ba wanda zai tuna da ita a watan Maris. Hukumar da Najeriya ta kafa a 2015 don shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Kano na cikin jihohinsa 11, da za ta fi cin riba in da kaso mai tsoka na dashenta yana shiga hannun matan gida.

Dashen da ya tsallake rani biyu ya tsira. Shekarar da ya fara fure wasu kan kakkaɓe furen don ya ƙara ƙarfi. In ya yi 'ya'yan fari ba a kai su kasuwa, rabawa ake yi, a aika wa maƙwabta da liman da surukai, domin malamai sun sha faɗa mana cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da ka dasa, sadaka ce gare ka. Wanda ya faɗo ƙasa na yara ne. Reshen da ya tsallaka katanga kan jawo 'yar magana, a sasanta a zaure, in ta ƙi a je wa mai unguwa. Kuma saboda dashe alamar mallaka ce, wanda aka ba aron gona ko ya karɓi jingina ba ya dasa bishiya a ciki. Ranar rabon gado ma ana ƙirga itatuwa, har ɗorawa guda kan zama ta mutum uku, su raba kalwarta duk shekara.

Ɗorawar nan ce ke damuna. Ka zaga gonakinmu ka duba: manya ne tsofaffi, wasu sun fara bushewa daga sama, ƙanana kuwa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ɗaya ba. Garmar shanu ba ta kaucewa kamar fartanya, kalwar kuma ana kwashe ta kaf saboda daddawa ta yi daraja. Masu lambu suna raino abin da ake saye ne, mangwaro da gwaba da lemo da turare, ba su da laifi. A ƙasar Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka dawo da itatuwan gonakinsu ta hanyar da suke kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gyara shi ya tashi, abin da kakanninmu ke yi ba tare da sun sa masa suna ba.

Bara da na je gida na tarar da ɗan kawun nan, wanda aka ce mangwaron nasa ne, ya jera ledoji shida a inuwarsa, kusa da bakin tsohon tulun. Na ɗaga ɗaya na ga ganyen ƙanana ne, jere kamar gashin tsuntsu. Na ce, "Ƙanena, wannan fa?" Ya ce kalwa ce ya jiƙa a ruwan ɗumi ta kwana, ya tsira, biyar sun fito. Yana jiran marka ya kai su gonar bayan gari, kuma ya riga ya tara ƙayar da zai rufe su.