Daga Asusun Katako Zuwa Ajiya Ta Waya: Tarihin Aikin Odunayo Eweniyi Da Darasinsa Ga Matan Mile 12

LEGAS: Kasuwar Mile 12 da ke kan hanyar Ikorodu, a ƙaramar hukumar Kosofe, ita ce babbar matattarar kayan gwari a Jihar Legas. Kullum manyan motoci na sauke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa daga jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kaduna, kuma kuɗi masu ɗimbin yawa na sauya hannu tsakanin fatake da dillalai da 'yan sari. Shekaru da dama tsabar kuɗi ce kaɗai ake ciniki da ita a nan. A yau kuwa na'urar POS da aika kuɗi ta waya sun samu gindin zama, a wannan kasuwa da kuma unguwannin Hausawa irin su Agege da Idi-Araba.

Wannan sauyi ya fito ne daga sababbin kamfanonin fasahar hada-hadar kuɗi da suka bunƙasa a Legas. Ɗaya daga cikin matan da suka yi fice a wannan fage ita ce Odunayo Eweniyi, 'yar asalin Jihar Oyo, wadda ta shiga sahun waɗanda suka kafa kamfanin ajiya na PiggyVest tun tana da shekaru ashirin da 'yan kai.

Eweniyi ta kammala karatun injiniyan kwamfuta a Jami'ar Covenant da ke Ota, Jihar Ogun, a 2013, da sakamako mai daraja ta ɗaya. Ta haɗa kai da abokan karatunta, Somto Ifezue da Joshua Chibueze, suka kafa PushCV, wani ƙaramin kamfani mai haɗa masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata.

A ranar ƙarshe ta 2015 wani labari ya bazu a Twitter, na wata mata da ta riƙa jefa naira 1,000 kullum a cikin asusun katako har ta tara naira 365,000 a shekara guda. Wannan labari ne ya ba matasan dabarar mayar da asusu cikin waya. A farkon 2016 suka buɗe Piggybank.ng, Eweniyi kuma ta riƙe muƙamin shugabar sashen gudanar da ayyuka, wato mai kula da ma'aikata da masu ajiya da tafiyar kamfani ta yau da kullum.

Tsarin nasu ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san adashi. Mai ajiya zai zaɓi abin da za a riƙa cirewa daga asusunsa na banki, kullum ko mako-mako ko wata-wata. An ware ranaku huɗu a shekara da zai ɗebi kuɗinsa kyauta, idan kuma ya matsu ya ɗiba kafin lokaci, sai ya biya tara. Wannan tara ita ce ta maye gurbin kunyar da ke hana 'yar adashi saɓa alkawari a gaban uwar adashi, ko ƙyashin da ke hana mutum fasa asusunsa na ƙasa tun bai cika ba.

Sai dai lokacin da suka fara bai zo musu da sauƙi ba. A 2016 tattalin arzikin ƙasa ya shiga halin koma-baya, sannan a watan Disamba na shekarar shirin nan na MMM ya rufe asusun jama'a, mutane da yawa suka tafka asara. Shawo kan mutum ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin da ba shi da reshe ko kanta a irin wannan yanayi babban aiki ne. A shekarar farko kimanin naira miliyan 21 kawai aka ajiye. Amma da masu ajiya suka ga ana biyansu a ranar da aka yi alkawari, sai labari ya yaɗu daga baki zuwa baki, adadin ya haura naira miliyan 600 a 2017.

A 2018 kamfanin ya samu jarin dala miliyan 1.1 daga masu zuba jari da suka haɗa da LeadPath Nigeria da Village Capital da Ventures Platform. A 2019 aka sauya masa suna zuwa PiggyVest, aka kuma ƙara sashen zuba jari a kan na ajiya. A wannan shekara mujallar Forbes Africa ta sanya Eweniyi cikin jerin fitattun matasa 'yan ƙasa da shekara 30. Ya zuwa 2023 masu amfani da manhajar sun haura miliyan 4.

Bugu da ƙari, ba ta tsaya a kan kamfaninta kaɗai ba. A 2020 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Feminist Coalition, wadda ta tara gudunmawa a lokacin zanga-zangar EndSARS. A 2021 kuma ita da Eloho Omame suka kafa FirstCheck Africa, asusun da ke ba kamfanonin fasaha na mata jarin farko, saboda kason da mata ke samu daga jarin da ke shigowa Afirka ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Ba yau mata suka fara jagorancin harkar kuɗin talaka a ƙasar nan ba. Lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Bankin Al'umma na People's Bank a 1989, Maria Sokenu ce aka ba shugabancin gudanar da shi. Hajiya Hajara Adeola ta kafa Lotus Capital a Legas a 2004 domin zuba jari marar kuɗin ruwa, kuma daga nan ne aka samu Bankin Lotus a 2021. Abin da ya bambanta zamanin Eweniyi shi ne waya ta ɗauke wa mai ajiya wahalar zuwa banki.

'Yan kasuwar Mile 12 sun ga muhimmancin wannan a zahiri a farkon 2023. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci matuƙa. Tumatir kuwa ba ya jiran a samu canji, idan ya kwana biyu ya lalace. Dole ta sa fatake da dama da a da ba su yarda da ciniki sai kuɗi a hannu ba suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay. Ko da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, al'adar aika kuɗi ta waya ta riga ta zauna.

Duk da haka akwai sauran rina a kaba. Binciken da cibiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan 'yan Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi. A tsakanin mata adadin ya kai kashi 30, a shiyyar Arewa maso Yamma kuma kashi 47. Dalilan sanannu ne: ƙarancin karatun boko, rashin katin shaida da lambar BVN, tsadar babbar waya, manhajojin da aka rubuta da Turanci, da kuma ƙyamar kuɗin ruwa a tsakanin Musulmi.

Haka kuma batun amana bai kau ba. Waɗanda suka manyanta na tuna yadda aka rufe bankuna 26 a rana guda a watan Janairun 1998. A watan Afrilun 2024 Babban Banki ya dakatar da wasu manyan kamfanonin fasahar kuɗi daga ɗaukar sababbin masu ajiya na 'yan makonni, har sai da suka tsaurara tantance mutane. A 2025 kuma rushewar shirin CBEX ta sake cinye dukiyar jama'a. Saboda haka wajibi ne mai ajiya ya tabbatar kamfanin da zai ba kuɗinsa yana da lasisin hukuma, ya kuma guji duk mai yi masa alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda.

Ga 'yan matan Arewa da ke tasowa a Agege da Mile 12, ƙofar wannan sana'a a buɗe take ta fuska biyu. Ta farko ita ce wakilcin banki, wanda Babban Banki ya fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma mata da yawa ke ci da kansu da shi a bakin kasuwanni da cikin unguwa. Ta biyu ita ce aiki a cikin kamfanonin kansu. Kamfanin da ke neman kasuwar Arewa na buƙatar ma'aikatan da suka iya Hausa, suka san yadda adashi ke tafiya, kuma za su iya shiga gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. Wannan dama ce da 'yar Bahaushe ta fi kowa cancanta da ita, muddin iyaye suka bar ta ta yi karatun lissafi da kwamfuta har zuwa matakin da Eweniyi ta kai kafin ta fara.