Yadda Ƙwayoyin Jiki Ke Karɓar Saƙo Su Amsa

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya kimsa a jikin ɗan Adam, waɗanda masana ilmin halitta suka daɗe suna bin diddiginsu, akwai cewa wannan jiki da muke gani ɗaya, a haƙiƙa taro ne na ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kowacce tana kewaye da tantani siriri da ya raba ta da 'yar'uwarta, amma duk suna tafiya bisa tsari guda, domin kuwa dare da rana suna aika wa juna saƙonni na sinadarai. A shekarar 1902 wasu malamai biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka tabbatar da cewa hanji yakan zuba wani sinadari cikin jini, ya tafi ya umarci wata gaɓa da ke bayan tumbi ta saki ruwan narkar da abinci. A 1905 kuma Starling ya raɗa wa irin waɗannan 'yan aike suna hormon.

Sai dai mas'alar da ta rage ita ce, ta ƙaƙa saƙon yake isa cikin ƙwayar, alhali da yawa daga 'yan aiken ba su iya ƙetare tantanin? Misalinsa kamar baƙon da ya zo gidan dattijo ne, wanda ba ya wuce zaure, sai ya yi sallama, wanda ke zaune nan ya ji bayaninsa, sa'an nan yaron gida ya shiga da labari. A jikin tantanin akwai wasu furotin da ake kira makarɓa, gefe ɗaya nasu yana waje, ɗaya yana ciki, kuma kowane makarɓi yana da irin sinadarin da yake saurara. Da zarar sinadarin ya manne masa sai siffarsa ta sauya, a makarɓa da yawa kuma ya taɓa wani furotin na ciki mai suna G, shi kuma ya tayar da wanda ke ƙera ɗan aike na biyu, wato cAMP. Earl Sutherland na Amurka ne ya gano wannan ɗan aike a ƙarshen shekarun 1950, yayin da yake nazarin yadda adirenalin ke sa hanta ta saki sukari, aka kuwa ba shi kyautar Nobel a 1971.

Mu duba mutumin da ya yi kiciɓis da maciji a gona. Nan take wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda suke zuba adirenalin cikin jini, kuma ko da yake abin da aka zuba ɗan kaɗan ne ƙwarai, makarɓi ɗaya yakan tayar da furotin G da dama, kowannensu ya jawo a ƙera cAMP mai yawa, har saƙon ya riɓanya matuƙa. Sinadarin ɗaya ne, amma kowace gaɓa da irin amsarta: zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin numfashi su buɗe, hanta ta fito da sukarin da ta taskace. Ƙwayar da ba ta da makarɓin adirenalin kuwa, ko ya wuce ta gabanta ba ruwanta da shi. Makarɓan da ke aiki da furotin G sun kai kusan iri 800 a jikin mutum, kuma wajen sulusin magungunan zamani a kansu suke aiki. Hatta goro ta nan yake korar barci, saboda kafeyin da ke cikinsa yakan tare makarɓan adenosin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa gajiya ta taru.

Amma babban sharaɗin lafiya shi ne saƙo ya ƙare idan ya gama aikinsa. Furotin G yakan kashe kansa bayan ɗan lokaci, wasu sinadarai kuma su rushe cAMP, ƙwayar ta koma hutu. Annobar kwalara, wadda takan addabi garuruwanmu da damina, daga wannan gaɓa take ɓarna: dafin ƙwayar cutar yakan shiga ƙwayoyin hanji ya hana furotin G kashe kansa, sai su yi ta fitar da gishiri da ruwa babu ƙaƙƙautawa, har mai tsananin ciwo ya iya rasa lita guda cikin sa'a guda. Rahamar da ke ciki ita ce, dafin bai taɓa wata ƙofa da ke shigar da sukari tare da gishiri ba, ruwa kuma yana bin su, shi ya sa ruwan gishiri da sukari yake ceton rayuka.

Akasin haka shi ne nau'in ciwon sukari da ya fi yawa ga manya, inda insulin, hormon ɗin da ke umartar ƙwayoyi su karɓi sukari, yake isowa, amma ƙwayoyin tsoka da na kitse suka yi nauyin ji, ba su buɗe wa sukari ƙofa yadda ya kamata, sai ya taru a jini. Motsa jiki da rage ƙiba suna taimaka musu su dawo da sauraro. Saboda haka, wanda likita ya umarce shi da tafiyar ƙasa kullum, ko da shan magani a ƙayyadadden lokaci, ya kamata ya riƙi umarnin da muhimmanci, domin an gina shi ne a kan sanin yadda ƙwayoyin jikinsa suke ji da amsawa.