Tsatsar Tafarnuwa: Asarar da Ke Bayyana Ranar Awo

Manoman tafarnuwa na fadamu, irin na Wurno da Goronyo a Jihar Sakkwato, da masu ɗan lambu a bayan gida, suna auna ribarsu ne da girman kan tafarnuwa. Nan ne kuwa cutar tsatsa take yi musu ɓarna.

Cutar, wadda wani nau'in funfuna mai suna Puccinia allii ke haddasawa, takan fara da ƙananan ɗigo-ɗigo masu fari ko rawaya a jikin ganye. Daga baya sai su kumbura su fashe, su fitar da gari mai kalar tsatsar ƙarfe, wanda iska ke kwasa daga wannan kunya zuwa waccan. Tana bunƙasa ne idan an sami sanyi kuma ganye ya daɗe a jiƙe, ko da raɓa ko da ruwan ban ruwa. Cunkoson shuka da yawan takin yuriya na ƙara mata ƙarfi.

Ba ta ruɓar da kan tafarnuwa, kuma abin da aka haƙa yana ciwuwa lafiya lau. Sai dai ganye shi ke ciyar da kai. In ya bushe tun lokaci bai yi ba, kan yakan tsaya ƙarami, mara nauyi, dillali kuma ya taya shi da arha. A shekarar 1998 annobar wannan cuta ta rage amfanin tafarnuwa da kimanin rabi a Jihar Kalifoniya ta Amurka, duk da ƙarfin jarin manoman can.

Magunguna irin su mancozeb da tebuconazole suna kare ganyen da bai kamu ba, amma ba sa ta da wanda ya riga ya lalace. Saboda haka feshin da aka yi bayan tsatsa ta mamaye lambu kuɗi ne aka zubar. Ga mai ƙaramin lambu, abin da ya fi sauƙi shi ne ya riƙa duba shukarsa kowane mako, ya tsinke ganyen da ya fara kamuwa ya ƙone, ya kuma ba da ruwa a gindi da safe.

Idan cutar ta zo daf da girbi, babu buƙatar feshi. A haƙe kawai. Bayan nan a ƙone ragowar ganyen, kuma kada a mai da tafarnuwa ko albasa wannan fili sai bayan shekara 2 ko 3.