Shin marubuci mai zaman kansa zai iya sake sayar da labarin da ya riga ya fita a intanet?

A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai matasa da dama da ke rubuta wa jaridu da shafukan intanet labarai ba tare da an ɗauke su aiki ba. Ana biyan su ne a kan kowane rubutu, abin da ake kira pige da Faransanci. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa da yawansu ke son sayar da rubutu ɗaya ga kafa biyu ko uku. Ko doka ta yarda da haka? Amsar ta rataya ne a kan abin da marubucin ya sa wa hannu ranar da ya miƙa rubutun da farko.

Ƙa'idar farko ita ce, rubutu na mai shi ne tun daga lokacin da ya rubuta shi, ko da bai yi rajista a ko'ina ba. Haka Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta tanada, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Tana kuma cikin ƙungiyar OAPI mai cibiya a Yawunde, wadda Yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. A cikin gida akwai doka mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010 kan haƙƙin mawallafa, sannan akwai ofishin BNDA da ke kula da wannan fanni.

Saboda haka biyan kuɗin rubutu ba lalle ne ya zama sayen rubutun ba. Ciniki iri uku ake yi. Na farko shi ne sallamawa gaba ɗaya: marubuci ya miƙa wa jarida haƙƙin cin moriyar rubutun, daga nan ba shi da ikon sayar wa wani. Na biyu izini ne da aka keɓe wa jarida ɗaya na wani lokaci, misali wata uku ko shekara guda, in wa'adin ya cika ya samu damar kai shi wani wuri. Na uku izini ne da ba a keɓe wa kowa ba, wanda ke bai wa marubuci damar sayarwa ga duk wanda ya so tun ranar farko.

A ɗauki misalin wanda ya rubuta rahoto kan cinikin albasar Galmi, wani shafi ya biya shi jika goma. Bayan wata biyu wata mujalla ta nemi ta buga shi. In takardarsa ta farko ta ce shafin ya samu haƙƙi a kowace kafa, a kowace ƙasa, ba tare da wa'adi ba, to karɓar kuɗin mujallar zai iya kai shi gaban alƙali. In kuwa izinin bugawa sau ɗaya ya bayar, hanya a buɗe take. Dokar Faransa ta yi tsauri a nan: dole a ambaci kowane haƙƙin da aka sallama daban, tare da iyakarsa, da wurin da zai yi aiki, da tsawon lokacinsa.

Shari'ar da ta fi shahara a wannan fanni a Amurka aka yi ta. Wasu marubuta masu zaman kansu, ƙarƙashin jagorancin Jonathan Tasini, sun kai ƙarar jaridar New York Times saboda ta sa rubuce-rubucensu a rumbunan bayanai na kwamfuta ba tare da izininsu ba. A 2001 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da ƙuri'a 7 da 2: izinin bugawa a takarda bai haɗa da wannan ba. Sai dai nasarar ta zo da nata ƙalubale, domin manyan kafofi sun ƙara dagewa kan takardun da ke kwashe dukkan haƙƙoƙi tun daga farko. Irin waɗannan takardu ne marubutan Nijar kan tarar in sun yi hulɗa da kafofin waje.

Intanet ta ƙara wata matsala. Jaridar takarda tana ƙarewa a kasuwa cikin mako guda, amma labarin da ke shafi yana nan shekara da shekaru, kowa na iya gano shi da ɗan bincike a Google. Don haka marubuci ba zai iya sayar da shi a matsayin sabo ba. Ko wallafa shi a shafinsa na Facebook fitarwa ce ga jama'a. Abin da ya dace shi ne ya shaida wa mai saye na biyu inda rubutun ya fara fita da ranar da ya fita. Kuɗin sake bugawa kan gaza na farko, amma ɓoye gaskiyar na iya sa edita ya daina hulɗa da shi.

Akwai kuma shafukan da ke wallafa rubutu da lasisin Creative Commons, irin su Global Voices da The Conversation. Wannan lasisi yana ba kowa damar kwafar rubutun kyauta bisa wasu sharuɗɗa, kuma ba a janye shi bayan an bayar. Marubucin bai rasa mallakarsa ba, amma ba zai iya yi wa wata jarida alkawarin keɓe mata rubutun ba.

Fassara ma tana buƙatar izini. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne, mai rubutu ne ke da ikon yarda a juya aikinsa zuwa wani harshe. Wanda ya rubuta da Faransanci bai kuma sallama haƙƙin fassara ba, zai iya sayar da fassarar Hausa ga wata kafa ko gidan rediyo. Wannan dama ce babba a ƙasar da Hausa ta fi kowane harshe yawan masu magana da ita.

Abin da doka ba ta karewa shi ne labarin kansa. Cewa farashin gero ya tashi a kasuwar Maraɗi ba mallakar kowa ba ne. Abin da ake karewa shi ne yadda aka tsara kalmomin. Marubucin da ya sallama rubutunsa zai iya komawa kan batun, ya yi sabbin hirarraki, ya rubuta wani daban. Sauya kanun labari da jimloli biyu kuwa ba ya mayar da shi sabo. Haƙƙin a ambaci sunansa a kan aikinsa shi ma yana tare da shi ko bayan ya sallama na kuɗi.

Yawancin rigingimu na tasowa ne daga cinikin baka. Kafin marubuci ya aika da rubutu, ya kamata ya samu amsar tambayoyi huɗu a rubuce, ko da ta saƙon WhatsApp ne: a ina za a buga, har zuwa yaushe, an keɓe wa kafar ita kaɗai ne, kuma tana da ikon fassarawa ko miƙa wa wasu? Ya adana saƙon tare da shaidar biyan kuɗi, domin su ne hujjarsa ranar da wani ya ce rubutun nasa ne.