Gyaran tsofaffin motoci: ƙarfen asali ko na kwaikwayo?

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da gareji ya san cewa inji yana da magani. Ana kwance shi, a sake masa abin da ya cinye, a ɗaure, ya tashi kamar jiya aka ƙera shi. Jikin mota ne ba ya yafiya. Da zarar tsatsa ta huda dokin ƙofa, ko hatsari ya murɗe murfin inji, to mai mota ya shiga zaɓi: ko ya nemo ƙarfen asali irin wanda masana'anta ta buga, ko ya sayi na kwaikwayo da wani kamfani ya yi daga baya. A Turai da Amurka, inda farfaɗo da tsofaffin motoci ya zama babbar sana'a, wannan zaɓi yana iya ɗaga kuɗin mota ko ya karya shi. Maganar kuma ta shafi Nijar, domin biyu daga cikin motocin da masu tara kayan tarihi ke nema a Faransa su ne Peugeot 404 da 504, waɗanda jama'a ke kira Fijo, kuma gawarwakinsu na nan jibge a bayan garejojin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Motocin da ake magana a kansu

Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a shekarar 1960, da siffar da gidan Pininfarina na ƙasar Italiya ya zana. Ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, kuma an ci gaba da haɗa ta a Kenya har 1991. Ita kuwa 504 ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, an ƙera fiye da miliyan 3. An daina yin ƙaramarta a Faransa a 1983, amma masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi aiki a Nijar ta hamada suka shigo. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa kan sayi okaziyo a ƙasarsu, su biyo ta Tamanrasset, Asamaka, Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida a jirgi. Rikicin Aljeriya da tawayen arewa suka rufe wannan hanya a farkon shekarun 1990.

Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana lissafa mota cikin kayan tarihi idan ta cika shekara 30. Faransa ma tana ba irin wannan mota carte grise ta musamman. Ke nan duk 404 da ta rage, da mafi yawan 504, sun riga sun shiga wannan sahu.

Yadda ake buga ƙofa

Kafin a gane bambancin asali da kwaikwayo, sai an san yadda ake yin ƙarfen. Jikin mota falle ne na ƙarfe wanda kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba. Ana sa shi tsakanin wasu manyan ƙarafa biyu, na sama da na ƙasa, da aka sassaƙa da siffar ƙofa ko rufi. Ana iya kiran su mabugi, domin aikinsu ya yi kama da na abin buga bulo. Na'ura mai ƙarfin ɗaruruwan tan takan danne fallen a tsakani. Ƙofa guda tana bi ta mabugai da dama: wannan ya lotsa, wancan ya yanke gefe, wani ya lanƙwasa baki, wani ya huda ramuka. Mabugan nan su ne dukiyar masana'anta, don sassaƙa su na cin kuɗi da watanni. Idan aka daina yin mota, kamfani kan ci gaba da buga kayan gyara na wasu shekaru, daga nan sau da yawa a narkar da mabugan. Daga ranar, ƙarfen asali ya zama abin ƙidaya, kullum raguwa yake yi.

Iri huɗu a kasuwa

Na farko shi ne sabon tsoho: ƙarfen da masana'anta ta buga tun zamanin motar, ya kwana shekaru a sito ba a taɓa ɗaura shi ba. Shi ne sarkin kasuwa, shi ne kuma mafi tsada. Duk da haka ba a rasa shi da aibi. Dogon zama kan sa masa tsatsa a fuska, ɗauka da saukewa kan bar masa lotsa.

Na biyu shi ne na kwance, wanda aka ciro daga wata motar da ta mutu. Siffarsa ta asali ce, kaurinsa ma haka, amma ya zo da tarihinsa, kuma fenti yana rufa asiri.

Na uku shi ne sabon bugu da mabugin asali. A Ingila, kamfanin British Motor Heritage ya tattara mabugan motar MGB, wadda aka daina yi a 1980, ya fara fitar da sabon jikinta ɗungurungum a 1988. A kudancin Faransa, kamfanin Méhari Club Cassis yana riƙe da wasu kayan aikin asali na Citroën, yana yi wa 2CV kayan gyara, alhali motar ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Mangualde ta ƙasar Fotugal tun watan Yuli na 1990. Irin wannan ƙarfe sabo ne, amma uwarsa ɗaya da na farko. Abin lura kawai shi ne mabugi ma yana tsufa, kuma wanda ya yi dubban bugu ba ya fitar da layi mai kaifi kamar da.

Na huɗu shi ne kwaikwayo zalla. Wani kamfani ya samo tsohuwar ƙofa, ya auna ta, ya sassaƙa nasa mabugin. Tsibirin Taiwan ya yi suna a wannan aiki, kuma yawancinsa ana yi ne don motocin Amurka da ake da masu saye da yawa, irin su Ford Mustang ta shekarun 1960. Akwai mai kyau ƙwarai, har da wanda kamfanin asali ya ba izini. Akwai kuma wanda aka rage wa kauri da yawan bugu don a sauke farashi.

Araha ba ta ado

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Aibin kwaikwayo maras kyau ba ya fitowa a kanti, sai an kai shi jikin mota. Lanƙwasar gefe takan zo da faɗi, ramin kusa ya kauce da 'yan milimita, layin da ya taso daga marufin taya ya ƙi haɗuwa da na ƙofa. Daga nan sai toliye, wato mai gyaran jikin mota, ya shiga yanka, ƙari, walda da guduma. A Turai, inda ake biyan ma'aikaci da awa, kwana biyu na irin wannan aiki na iya cinye duk rarar da aka yi wajen saye. A Nijar lissafin ya sha bamban, domin ladan hannu bai kai tsadar kayan da aka yi oda, aka biya jirgi, aka biya duwan ba. Shi ya sa a nan gyara tsohon ƙarfe ya fi sauya shi riba a mafi yawan lokuta.

Amma kada a ɗauka cewa ƙarfen asali yana zama daram da kansa. Masana'antun shekarun 1960 ba su da daidaiton na yau. Ma'aikata kan gyara zaman ƙofa da hannu, su cike mahaɗa da dalma kafin fenti. Ga kuma bambancin shekara da na iri. Ƙofar 504 ta farkon shekarun 1970 tana da mariƙi mai tudu, ta bayan 1975 nata a lotse yake cikin ƙarfe. Tsakanin tayar gaba da ta baya santimita 274 ne a ƙaramar 504, amma 290 ne a doguwar da ake kira familiyal, don haka ƙarafan bayansu ba sa shiga wa juna. Ita kuwa 504 mai ƙofa biyu, wadda Pininfarina ya ƙera wa jiki a Italiya daga 1969 zuwa 1983, ƙarafanta na waje nata ne ita kaɗai, kuma samun su abu ne mai wuya. Wanda ya ce “ƙarfen Fijo ne na asali” bai gama magana ba sai ya faɗi na wace shekara da wane iri.

Inda rai yake

Ƙaramar 404 da 504 ba su da ƙashin baya na ƙarfe dabam irin na manyan motocin kaya. Jikin ne da kansa yake ɗauke da nauyi. Dokin ƙofa, daɓen ƙasa, ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da wurin da ƙafar mota ke ɗaure, su ne ƙashinta. Murfin inji ko marufin taya in ya ɗan karkace, ido kawai ya ɓata wa. Dokin ƙofa in ya ruɓe aka shafe shi da mastik, ran fasinja aka sa a caca, domin ranar karo motar za ta naɗe kamar gwangwani. A irin waɗannan wurare, sabon ƙarfe mai cikakken kauri, ko da na kwaikwayo ne, ya fi na asali da tsatsa ta cinye rabinsa. Son asali bai kai a ajiye ruɓaɓɓen abu ba.

Akwai kuma batun doka. A motoci da yawa lambar da ke kan carte grise a jikin ƙarfe aka buga ta. Wanda ya yanke wannan wuri ya jefar, ko ya ɗauko jikin wata mota ya liƙa masa lambar tasa, ya buɗe wa kansa ƙofar rigima da duwan da 'yan sanda, kuma duk mai saye da ya san abin da yake yi zai juya baya.

Abin da masana suka tsayar

A farkon shekarar 2013 wata yarjejeniya ta FIVA, wadda ake kira yarjejeniyar Turin, ta fara aiki. Manufarta a taƙaice ita ce a riƙe duk abin da za a iya riƙewa na ainihin motar, a ɗauki alamun amfani da sauye-sauyen da aka yi mata a zamanin aikinta a matsayin wani ɓangare na tarihinta, kuma duk abin da aka sake a rubuta shi, har ma a sa masa alama don na baya su gane. Wannan ya sauya idon kasuwa. A da, motar da aka sake wa komai tana ƙyalli ita ce abin alfahari. Yanzu masu saye da yawa sun fi daraja wadda ke da ƙarfenta na haihuwa, ko da fentinta ya koɗe.

Su ma kamfanoni sun farga. Peugeot ya buɗe gidan tarihinsa a garin Sochaux a 1988, kuma ƙungiyar da ke kula da shi tana sayar da kayan tsofaffin motoci, tana sa a sake yin wasu. A 2019 kamfanin Nissan na Japan ya nuna wata dabara inda mutum-mutumi biyu ke danna falle daga fuska biyu har ya ɗauki siffa, ba tare da mabugi ba. Irin wannan fasaha tana sauƙaƙa buga ƙarfe kaɗan-kaɗan ga motocin da masu neman kayansu ba su da yawa.

Arzikin bayan gareji

Babban makashin mota a Turai shi ne gishirin da ake zubawa kan hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Yana haɗuwa da laima ya ci ƙarfe daga ciki. Shi ya sa masu gyara a can suke farautar kayan kwance daga busassun wurare, kamar kudancin Spain ko jihar Arizona ta Amurka. Sahel ma busasshiyar ƙasa ce, babu ƙanƙara, babu gishirin hanya. Rufi, ƙofa ko murfin baya da ya shekara 20 a ajiye a Tawa yana iya fin takwaransa na arewacin Faransa lafiya.

Sai dai motar da ta yi jigila tsakanin kasuwannin ƙauye tana da nata ciwon. Lodi fiye da kima da hanyar burji sukan tsaga ƙarfe a mahaɗa, an yi mata walda bisa walda, an shafa mastik bisa mastik. Wadda ta zo daga Turai kuma wataƙila da tsatsarta ta shigo. Saboda haka bincike wajibi ne. A bi jikin da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, mastik ne ya yi kauri. A leƙa bakin ƙofa ta ƙasa inda ruwa ke kwanciya. A dubi bayan ƙarfen, domin ɗigon waldar masana'anta a jere yake, tazararsa ɗaya, na gareji kuwa ba ya ɓuya. In sabon kwaikwayo ne, a auna kaurinsa, a gwada shi a jikin mota kafin a taɓa fenti.

Abin takaici shi ne mafi yawan waɗannan gawarwaki a kan sikeli suke ƙarewa. Masu sayen tsohon ƙarfe suna biya da kilo, ba ruwansu da ko ƙofar 404 ce ko guntun tukunya. Abin da ya shiga wutar narki kuwa ya tafi ke nan. Ɗan kasuwar da ke da tsohuwar bashe a kangon gida, ko ma'aikacin da ya gaji 504 ta mahaifinsa, ya kamata ya sa wanda ya sani ya duba ta kafin ya kira mai sikeli.

Ga wanda kuma ya yi niyyar tayar da ita, hanyar da ta fi dacewa a fili take. Abin da guduma da walda za su iya cetowa, a cece shi. Abin da ya mutu a fuskar mota, a nemo na kwance mai lafiya na shekararta da irinta. Abin da ke ɗauke da nauyi in ya ruɓe, a sa sabon ƙarfe mai kauri ba tare da jinkiri ba. Sannan a ɗauki hoto kafin aiki da bayansa, a ajiye rasiɗi, a rubuta wane ƙarfe aka sake da inda ya fito. Ranar ciniki, mai saye yana iya yafe ƙofar kwaikwayo da aka gaya masa, amma wadda ya gano da kansa bayan an rantse masa cewa ta asali ce, ita ce ke kai mutane gaban alƙali.