Injin noma ma sai an auna mai shi

Duk wanda ya saba kai ɗinki ya san tela iri biyu ne. Akwai wanda zai dube ka daga kan kekensa ya ce ka tafi kawai, ya gane awonka. Akwai kuma wanda zai miƙe da tef, ya auna kafaɗa da hannu da tsawo, ya tambaye ka ko kana hawa babur, in ya gama ya sa ka gwada a gabansa, inda ta matse ya farke ya sake. Rigar na farkon, komai kyan aikinta, a ƙasan akwati take ƙarewa. Ta na biyun ce ake gani a jikin mai ita har wuyanta ya koɗe.

Da wannan idon nake kallon binciken da ake yi kan injinan noma domin ƙaramin manomi, irin na Gwadangaji da Zauro da Ambursa har zuwa Argungu, masu noman shinkafa a fadamar gulbin Rima. Masana ba su zauna ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta ƙera injinan sussuka da kayan aikin da shanu ke ja. A Ilorin akwai cibiya sukutum ta ƙasa wadda ba ta da aiki sai injinan noma. Amma sau da yawa ana auna nasarar masani ne da yawan takardun da ya wallafa da samfurin da ya nuna a wajen baje koli. Tela ke nan yana ƙirga rigunan da ya rataye a shago. A ganina awon gaskiya yana fadama: injin nawa ne suka tsufa a hannun manomi, aka yi musu walda sau uku, kuma mai su bai yarda ya rabu da su ba?

Wanda ya ci wannan jarrabawa a jihar Kebbi shi ne ƙaramin injin ban ruwa. Kafin zuwansa da jigo ake ɗebo ruwa, guga bayan guga, mutum ya yini bai shayar da abin kirki ba. Daga shekarun 1980, sannan da shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, aka yaɗa haƙa 'yar rijiyar burtsatse marar zurfi da injin fetur ɗan ƙarami. Ya karɓu domin an auna shi daidai da mai shi. Ruwan fadama yana kusa. Mutum ɗaya zai ɗaure injin a bayan babur da tiyonsa a naɗe, ya kai gona da safe, ya dawo da shi gida da yamma saboda ɓarayi. In ya ƙi tashi, bakaniken babur na bakin kasuwa ya san filogi da kafireto. Ba don wannan injin ba, da shirin bashin noman shinkafa da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 bai sami noman ranin da zai tsaya a kai ba, da kuma masana'antar shinkafa ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 ta sha wuyar samun shanshera. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, manoma da kanikawa ne suka shiga juya injinan zuwa tukunyar gas. Riga ta matse, aka farke aka sake, a nan cikin gari.

Babbar tarakta kuwa labarinta daban. Gonar talaka a fadama fangali-fangali ce, gado ya rarraba ta, ga kunyoyin ruwa, ga laka. Ko an samu ta haya, sai layi ya zo kanka bayan lokacin shuka ya wuce, in wani ƙarfe ya karye kuma a jira shi daga Kano ko Legas.

Akwai darasi daga kwarin kogin Senegal. Masanan cibiyar shinkafa ta Afirka da hukumomi biyu na ƙasar Senegal suka ɗauko samfurin injin casar shinkafa daga Asiya, suka zauna da manoma da masu ƙira na gari, ana gwadawa ana gyarawa, har aka fito da injin ASI a 1997. Yana casa yana sheƙa a lokaci guda, kuma a shagunan walda na ƙasar ake ƙera shi. A 2003 ya sami lambar yabon kimiyya ta shugaban Senegal, amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bazu zuwa maƙwabta irin su Mali da Muritaniya.

A fadamarmu aikin da ya fi cin ƙarfi da kuɗin ƙwadago har yanzu yana hannu. Dashe a duƙe ake yin sa cikin ruwa. Yanka da lauje. Inda injin casa bai kai ba, damin shinkafa ake ɗagawa a maka a jikin durom a kan tamfol, ƙwaya na tsalle tana faɗawa ƙasa, sannan a jira iska a sheƙe. Wanda ya ga abin da ke zubewa a wurin nan ya san asara ce ta buhuna.

Ina fatan masanin da zai ƙera mana injin dashe ko na yanka ya fara zuwa Gwadangaji kafin ya zana komai. Ya auna faɗin fangali, ya shiga lakar da ƙafarsa, ya tambayi manomi nawa zai iya biya a kan buhu, ya tambayi matan da ke turara shinkafa irin shansherar da suke so. Sannan ya ɗauki mai walda na Birnin Kebbi abokin aiki tun ranar farko, ya bar masa zanen, kuma ya dawo bayan kaka biyu ya ga abin da ya karye.