Wa Ba Ya Nan Ranar Cinikin Fili?

Duk wanda ya zaga bayan garin Sabon Birni ko Isa a 'yan shekarun nan zai ga gonakin geron jiya sun koma fuloti-fuloti, an kakkafa bulo a kowace kusurwa. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, mutanen ƙauye ke kwararowa cikin gari, wasu kuma suka tsallaka iyaka zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Mai ɗan abin hannu na neman inda zai kafa ɗaki kusa da jama'a, wanda aka sace wa ɗan'uwa kuwa na neman abin da zai sayar yau-yau ya haɗa kuɗin fansa. Mai saye na gaggawa, mai sayarwa na gaggawa, irin wannan ciniki ne ke ƙarewa a gaban alƙali.

Bara na raka ƙanena duba wani fili. Dillali ya taka shi da ƙafa tun daga gindin wata aduwa har bakin hanya, ya ce hamsin da ɗari ne cif. Mai filin, wani saurayi mai ladabi, ya dafa ƙirji ya ce, "Hilin babanmu ne, kuma ni ab babba." Har an fara zancen la'ada sai na ratsa wurin wani dattijo da ke saƙar igiya a zauren maƙwabta. Da muka gaisa na ce, "Baba, marigayin nan 'ya'ya nawa ya bari?" Ya lissafa bakwai da yatsu. Mata biyu na aure a Tsibiri, ɗaya namiji kuwa tun da ƙauyensu ya watse ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma ba a raba gado ba. Saurayin bai yi mana ƙarya ba, filin babansu ne. Amma abin da ya mallaka a ciki rabonsa ne kawai, shi ma ba a fitar da shi ba tukuna.

Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: ta ina filin nan ya zo hannunka? In gado ne, a nemi shaidar rabo daga kotu ko daga malamin da ya raba, ko kuma dukkan magada su zauna su sa hannu, har da mata. An fi mantawa da su, su ne kuma 'ya'yansu ke tayar da maganar bayan shekaru. In akwai marayu ƙanana, kasonsu ba ya sayuwa da bakin yaya ko kawu haka kawai, sai da izinin mai hurumin kula da dukiyarsu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai haƙƙin shuf'a: wanda ke tarayya a kadarar da ba a raba ba yana iya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason da aka sayar. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa wanda ke gari yana rasa wannan haƙƙi in ya yi shiru shekara ta wuce, amma wanda ba ya nan haƙƙinsa na jiransa ko ya daɗe.

Wannan batu ya fi shafar ƙasar Gobir a yau. Da yawa suna dogara da hauzi, wato in mutum ya riƙe wuri shekara 10 mai shi na gani bai ce uffan ba, da'awarsa ta faɗi. Sharaɗin shi ne yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana. Wanda tsoro ya kora daga gida bai cika wannan sharaɗi ba. Haka nan wanda aka ba aro, ko haya, ko jingina, daɗewarsa a wurin ba ta mayar da shi mai shi. Malamanmu sun daɗe da ɗaukar maganar ƙasa da nauyi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa.

Sai ɓangaren gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saye izinin zama ne. A wuraren da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke ba da shi, a sauran kuma ƙaramar hukuma. Fili mai takardar gwamna ba ya sauya hannu sai da amincewarsa, abin da Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. In an nuna maka takardar shaidar mallaka, kwafi lambarta ka kai Ma'aikatar Filaye a Sakkwato a buɗe fayil, a ga ko sunan ya dace, ko an jinginar da ita a banki. In babu takarda, kamar yawancin filayen yankin, sashen filaye na sakatariyar ƙaramar hukuma zai gaya maka ko wurin ya faɗa cikin filin makaranta, maƙabarta, kasuwa ko hanyar da aka tsara. Sa hannun mai unguwa da hakimi shaida ce mai ƙarfi, domin su suka san tarihin wuri, amma ba ya maye gurbin yardar magada ko ta hukuma.

Ƙasar kanta ma a tambaye ta. Yankin nan na gulabe ne, Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi duk Rima suke nufa, kuma filin da ya yi fes a watan Maris kan zama tafki a Agusta. Laka mai tsattsagewa da alamar ruwa a jikin katangar maƙwabta sun fi dillali faɗin gaskiya. A bincika ko burtali ne, don shanu ba sa manta hanyarsu. A kawo ma'auni a auna, maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa suna tsaye, a kafa alamar siminti a gabansu.

Ranar biya a rubuta takardar ciniki da sunan maƙwabcin kowace kusurwa, da tsawo da faɗi, da kuɗin da aka biya, shaidu na kowane ɓangare su sa hannu. Kuɗi su tafi ta banki zuwa asusun mai filin kansa, dillali a ba shi la'adarsa daban. Ƙanena dai ya ce wa saurayin a kira 'yan'uwansa mata daga Tsibiri, a je kotu a fitar da kason wanda ya ɓata, sannan a zauna. Har yanzu muna jiran amsarsu.